Sarki Biyu a Gaban Suruki

A iya sanina, kuma na ɗan yi karatu, babu inda adalci ya samu wurin zama a duniyar nan kamar hannun mai raba kati. Alƙali yana da dangi. Malamin makaranta yana da ɗan lele a aji, na sani don na yi. Likita ma yakan dubi takalmin mara lafiya kafin ya dubi harshensa. Mai raba kati kuwa bibbiyu yake ba kowa, bai san mai digiri ba, bai san mai wankin mota ba. Ku ukun nan daga mutanenmu da kuka shigo aikin a bayana, na faɗi haka ne don ku san girman rigar da kuka sa, ko da yake baƙar falmaran ce ta kamfani, tawa ma ta matse ni a ciki.

Har gobe ban manta da wata Asabar ta watan Oktoba ba, ranar da gaisuwa ta kusa tuɓe mini wannan falmaran.

Bari in fara da bayani saboda 'yan ƙungiyarmu da kullum suke tare ni bayan sujada suna tambaya, "Tica, ba caca ba ce kuwa?" Kamfaninmu gasar foka, wani wasan kati na Turawa, yake shiryawa a gidajen abinci, kuma ba a sa ko sisi. Mai gidan abinci ne ke biyan kamfani don a tara masa masu cin kaza da shan lemo. Duk wanda ya zo a ba shi kwabban roba daidai da na kowa, wanda ya kwashe su duka a ƙarshe ya samu maki da takardar cin abinci kyauta. Mu masu raba kati mu ne ƙasa. Samanmu akwai mai kula da zaure, wadda hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara a kansa. A lokacin Madam Brenda ce, mace mai tabarau a ƙarshen hanci wadda ban taɓa ganinta a zaune ba. Samanta sai mai kamfani, wanda muke gani lokacin Kirsimeti kamar kaza a gidan talaka.

Ni kuwa shekaru na yi ina koyar da lissafi a sakandare a Zariya. A nan ƙasar Turawa, daga Litinin zuwa Juma'a kwali nake lodawa a wani babban sito ta bayan titin Wendover, inda ba wanda ya taɓa tambayata komai sai ko na gama. Asabar ce kaɗai ranar da nake buɗe baki manyan mutane tara su yi tsit. Ku riƙe wannan, don ku gane abin da na kusa rasawa.

Wasan kansa ba wuya. Kowa a ba shi kati biyu a kife. Kafin a buɗe katunan tsakiya, ana yin zagayen farko: ko ka ajiye katinka, ko ka bi abin da aka sa, ko ka ƙara. Kwabban da aka tara a tsakiya su ne tukunya. Wani lokaci mutum ya ƙara, wani kuma ya ƙara a kan ƙarinsa. Wannan ƙari kan ƙari shi ne jarrabawar wasan, kuma tambaya biyu ce a takardar. Ta farko: wane irin kati wannan mutumin yake yin haka da shi? Ba za ka san ainihin abin da ya riƙe ba, sai dai ka san garkensa, wato duk katunan da ya saba yin wannan motsi da su. Wani garkensa ya cika fili, har da guragun awaki. Wani kuwa shanu biyu ne ko uku, duk ƙosassu. Tambaya ta biyu: nawa zan sa, nawa zan ɗauka? In farashin bin ya fi rabon da katinka ke da shi a kan garken nan, ka ajiye. In bai kai ba, ka bi. Shi ke nan ilimin, sauran duk zufa ce.

Doka biyu kuma ake karanta mana ranar ɗaukar aiki. Muddin kati yana hannun mutane, ba a magana da wani harshe sai Ingilishi. Sannan ba a yi wa ɗan'uwa kara a tebur. Ka sassauta wa wani don ka san shi, sunan wannan haɗa baki. Ɗan wasa aka kama a kore shi daga gasar. Mai raba kati aka samu a ciki, ya ajiye falmaran a kan kujera ya kama hanyar gida.

To, a cikin masu zuwa gidan abincin da muke yi a titin Gate City akwai Baba Ishaya, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa daga Kafanchan. Ya zo zama wurin 'yarsa Saratu a Summerfield, inda ba abin da ke wucewa ta ƙofar gida sai doki da motar mai kawo wasiƙa. Zaman ya ishe shi har ya koyi foka a waya. Saratu ta ga tsohon zai haukace, ta ɗora wa mijinta Dauda aikin kawo shi duk Asabar. Dauda mai haɗa magani ne, mutum mai shekara arba'in da wani abu, yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma a gaban surukinsa ba ya cin abinci, ba ya ɗaga ido, ba ya zama sai an ce ya zauna. Shi ma yana taɓa wasan, kuma ya iya. Kullum yakan roƙi a raba musu tebur, a raba. Sai dai gasa tana da halinta: mutane suna faɗuwa ana haɗa tebura, har a rage ɗaya. Wata da watanni ɗayansu yakan fita da wuri. Ranar nan dukansu suka ƙi mutuwa.

Tun azahar jikina bai ba ni daɗi ba. Ina raba kati a teburina ina leƙen na Dauda, ina ƙirga kawunan da suka rage. Can bayan la'asar Madam Brenda ta tafa hannu ta ce a haɗu a tebur ɗaya, kuma nawa ne. Baba Ishaya ya zo da kwabbansa a cikin hula ya zauna daura da ni. Dauda ya iso daga baya, ya ga inda ƙuri'a ta jefa shi, kujera biyu kafin surukinsa, ya tsaya kamar wanda ya shiga makewayi ya tarar da mutum. Ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, sannu da hutawa."

"Zauna, Mai Magani," in ji tsohon.

Na riga na fara rabawa. Kati na farko ya zagaya, na biyu yana hanya, sai Baba Ishaya ya juyo gare ni. Duk yinin ba mu haɗu ba.

"Tica, ina wuni?"

Doka ta ce in yi shiru, ko in ce masa Ingilishi kawai. Ku gwada faɗa wa dattijo mai furfura haka in ya gaishe ku, ku zo ku ba ni labarin yadda harshenku ya yi.

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya madam da yara? Ya ƙafar nan taka?"

"Da sauƙi, Baba, mun gode Allah."

"Madalla. Ina gajiya dai?"

"Ba gajiya, Baba."

Ina amsawa ina jefa kati, idona na kan hannuna. Mutane bakwai da ba su jin ko "zo" suna kallonmu. A cikinsu akwai Rik, wani Bature mai sayar da tsofaffin motoci a kan titin, wanda ya yi imani duk duniya tana shirin cutarsa, wataƙila don ya san sana'arsa.

Kowane baƙin kwabo dubu muke ce masa, ko da yake ko ruwan leda ba zai saya ba. 'Yan wasa biyu na farko sun riga sun sa na dole da ake buɗe tukunya da shi, ɗaya da biyu. Aka zo kan Dauda, ya duba katinsa ya tura shida. Na kusa da shi ya ajiye. Baba Ishaya ya tattara goma sha biyar ya tura a hankali, kamar mai ba jirgi hannu ya wuce. Kowa ya ajiye, magana ta dawo kan Dauda.

Ya taɓa kwabbansa, ya janye hannu, ya sake taɓawa. Daga nan ya ɗauki katunansa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu, ya sunkuya zai turo mini. Hannun rigarsa ya kama gefensu, suka juye fuska sama. Sarki biyu.

Ga waɗanda ba su sani ba, sarki biyu shi ne hannu na biyu mafi ƙarfi da za a iya ba mutum. Abu ɗaya ne ke gabansa, as biyu, don as ne katin da ya fi sarki. Akwai mutanen da suka yi shekara goma suna wasa ba su taɓa ajiye shi a zagayen farko ba, suna kuma faɗa da alfahari. A daidai wannan lokacin Baba Ishaya ya turo nasa katunan a kife, ni kuma hannuna ya yi abin da ya saba, ya share su cikin tarin sauran. Wanda ya ci tukunya ba a bi shi ba, ba dole ya nuna ba.

Rik ya miƙe. Bai yi ihu ba, ya ma fi muni, a hankali ya yi magana. Ya ce su uku sun yi shawara da yarensu, ɗaya ya zubar da sarki biyu don ɗaya ya ƙoshi, na ukun kuma ya binne shaida. Ya ce a kira Brenda.

Aka tsayar da agogon gasa. Madam Brenda ta kai mu lungun da ke kusa da ƙofar kicin, ni da Dauda da tsohon da Rik. Masu kai abinci suna ratsa mu da faranti, sauran 'yan wasa suna can suna kaɗa ƙafa. Ta fara da ni.

"Me kuka ce da juna?"

"Ya tambayi gajiyata, na ce babu."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Ya tambayi matata da ƙafata."

"Na ji ance ya maimaita wata kalma sau biyu."

"Gajiyar ce. Ya sake tambaya."

"Don me? Ba ka ce babu ba?"

Shekara hamsin da biyar ina amsa wannan tambaya sau biyu, ba wanda ya taɓa neman dalili.

Ta juya ga Dauda ta tambaye shi me ya sa ya ajiye sarki biyu. Dauda ya dubi tayil ɗin ƙasa kamar a can aka rubuta amsar. Me zai ce, surukinsa yana tsaye a gefensa? Ta juya ga Baba Ishaya ta ce ya faɗi abin da ya riƙe. Tsohon ya gyara tsayuwa, ya amsa da Turancinsa na zamanin jirgin ƙasa, kowace kalma da gugarta. Ya ce ya ci tukunya bisa doka, kuma dokar ba ta ce ya yi bayani ba.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ka san abin da ya rage mini in yi."

Sai na fara kuskure. Na ce, Madam, wannan surukinsa ne, uban matarsa, kuma a wurinmu mutum ba ya ja da surukinsa, ko abinci ba ya ci a gabansa. Ina magana ina ganin fuskarta tana rufewa.

"Wato kana gaya mini ba zai taɓa yin wasa da shi da gaske ba?"

Rik ya buɗe hannu biyu, kamar an gama masa aiki. Na gane da bakina na karanta laifin da ke cikin doka, har da misali. Abin da muke kira tarbiyya, a littafinsu yana da lamba.

A nan tsohon malamin da ke kwance cikina ya farka. Na ce a ba ni kwabbai. Na jera su a kan kantar da ake ajiye cokula.

Na ce, ga tukunya: ɗaya da biyu na dole, shida na Dauda, goma sha biyar na Baba, ashirin da huɗu ke nan. Dauda zai ƙara tara ya bi. Tara cikin talatin da uku, wato sai in yana cin irin wannan karo fiye da sau ɗaya cikin huɗu kafin bin ya biya shi. Sarki biyu a gaban yawancin mutane ya wuce haka nesa. Amma a gaban as biyu bai kai sau ɗaya cikin biyar ba. Saura tambaya ɗaya, mene ne garken wannan dattijon?

Na juya ga Rik. "Tun bazara kake zama da shi. Sau nawa ka ga ya yi ƙari kan ƙari aka buɗe katinsa?"

Ya ce ba ya ƙirgawa.

"Ka taɓa ganin wani abu ban da as biyu?"

Sau biyu tsohon ya fitar da shi daga gasa da as biyu, kuma duk zauren ya ji labarin daga bakin Rik ɗin kansa. Ya ce to, ai Dauda zai iya bi ya jira sarki na uku ya fito a tsakiya. Na ce wannan sau ɗaya ne cikin takwas, kuma abin da ya rage a gaban Baba bai kai ya biya jiran ba. Na nuna masa da kwabbai. Na rufe da cewa garken mutumin nan saniya ɗaya ce, kowa a nan ya san ƙahonta. Wanda ya ajiye sarki biyu a gabansa karatu ya yi.

Ku sani da zuciya ɗaya na faɗa. Ni na raba wa tsohon nan kati wata shida, abin da idona ya gani ke nan.

Madam Brenda ta mayar da tabarau. Ta ce ba ta ga hujjar haɗa baki ba. Baba da Dauda za su zauna zagaye ɗaya ba kati saboda yare. Ni kuma gargaɗi, sannan in bar teburin wa wani. Ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Zan tsaya in kalli yadda yake wasa. Ina fatan lissafinka ya san shi."

Aka tura ni jera kwabbai cikin akwati a ƙarshen zaure. Ban taɓa jera abu in warware in sake jerawa kamar ranar ba. Duk lokacin da tsohon ya kai hannu gabansa sai in bar jerawa in leƙa. In ya yi ƙari kan ƙari aka buɗe aka ga tara da huɗu, ni da falmaran mun rabu, kuma Litinin ga kwali yana jirana. Na je na sha ruwa, na dawo, na sake zuwa. Dauda ya fita ba da jimawa ba, da alamar wanda aka sallama daga asibiti. Tsohon yana nan zaune, yana ajiyewa, yana ajiyewa.

Can Rik ya ƙara. Baba Ishaya ya tura duk abin da ke gabansa. Rik ya dube shi, ya dubi Brenda, ya waiwayo ya dube ni har ƙarshen zaure, ya ce ya bi. Aka buɗe. Rik sarauniya biyu. Baba as biyu.

Madam Brenda ta ɗaga mini kai sau ɗaya. A wurinta wannan lambar yabo ce.

Tsohon ya ƙare na uku. A wurin fakin, Dauda ya tafi ɗauko mota, na tsaya da shi riƙe da hularsa.

"Tica, ka yi darasi yau. Da ina da allo da na tafa maka."

"Gaskiya ce kawai na faɗa, Baba."

"Gaskiya ce, ta Turawa. Garken da ka ƙirga wanda nake fito wa su Rik da shi ne." Ya karɓi hular ya kifa a kai. "Mai Magani kuwa, mutumin da shekara goma sha biyu bai taɓa haɗiye tuwo a gabana ba. Shi zan tsaya jiran as biyu dominsa?"

Na ce, "To me ka riƙe, Baba?"

Mota ta iso. Dauda ya fito da sauri ya buɗe masa ƙofa, suka tafi.

Ga abin da na ɗauka daga ranar, ku ma ku ɗauka. In dattijo ya shigo zaure, ku je ku gaishe shi tun a bakin ƙofa, ku ƙare gajiya da iyali da ƙafa a can, kafin kati ya taɓa tebur. In kun ga suruki da suruki a gasa ɗaya, ku gaya wa mai kula da zaure tun da wuri, kada ku jira ƙuri'a. Kada ku yi wa Bature bayanin kunya a tsaye kusa da kicin, wurin bai isa ba, lokacin ma bai isa ba. Lissafi kuma ku koya, don shi ne harshe ɗaya da aka yarda mu yi a tebur ban da Ingilishi. Sai dai ku tuna mutum ba garke ɗaya gare shi ba. Yana da wanda yake nuna wa baƙo, yana da wanda yake kora wa na gida, kuma mai raba kati na farkon kawai yake gani. Duk da haka ina nan kan bakana: babu kujerar adalci kamar tamu, kuma ranar nan ilimi ne ya tsaya wa gaskiya har ta fita.

Washegari bayan sujada na tare Baba Ishaya a bakin coci, na sake tambayarsa abin da ya riƙe a hannun nan. Ya ce bai sani ba. Yana cikin gaishe ni aka raba, bai duba ba.